Mota mai fuska da hukuncin sura

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ƙaga halitta, Mai suranta ta yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, iyaye a nan Tibiri suna yawan tambaya game da abin da yara ke gani a tele da salula: motoci da jiragen ƙasa masu ido da baki, irin su fim ɗin Cars da kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2006, da jirgin ƙasa Thomas na Ingila wanda aka fara nunawa a tele a 1984, da bas ɗin Tayo na Koriya ta Kudu. Yara ba su tsaya ga kallo ba. Sukan ɗauki alƙalami su mayar da jar motar tsere saurayi mai jar riga, tsohuwar motar janwe kuma dattijo mai giɓi. Shin ya halatta?

Asalin mas'alar yana cikin Bukhari da Muslim. Wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, sai ya gargaɗe shi da azabar masu suranta abu mai rai, ya ba shi izinin zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Mota ƙarfe ce, babu laifi a zanenta, kamar yadda babu laifi a motar kara da yaranmu ke ƙerawa bayan girbin hatsi. Ko an sa mata ido ba ta zama halittar da ake hura wa rai ba. Amma in ta koma mutum da kai da ƙirji da gaɓɓai, hukuncin surar mutum ya hau kanta.

A nan malamai suka saɓa. Imamu Nawawi ya haramta ta, ko tana da inuwa ko babu. Malamanmu na Malikiyya, kamar Shaihu Dardiri, sun taƙaita haramci ga sura mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓɓai; zanen takarda a wurinsu makaruhi ne. An kuma sassauta wa yara, domin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da ƴan tsana, har da doki mai fukafukai, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Saboda haka ban ga hujjar uban da zai kai wa ɗansa bulala a kan wannan ba.

Abin tsoro yana wani wuri. Manya a intanet sukan mayar da waɗannan motoci mata masu bayyana tsiraici, yaro ya nemi mota ya faɗa kansu. Wannan haramun ne a kowace mazhaba. Kuma abin mamaki ne a ji tausayin ƙarfe don an yi masa fuska, alhali yaron mota da ke kwana ƙarƙashin tirela a Kore Mairuwa, a bakin hanyar Dogon Dutsi, ba a tambayar ko ya ci abinci.

Wanda ɗansa ke da baiwar zane ya duba littafinsa da kansa, ya hana rataya surar a bango ko wajen alƙibla, ya kai shi ga mai zayyanar allo ya koyi sarrafa tawada. Allah ne Mafi sani.