Wa Zai Ci Abinci Tare da Mu Ranar Lahadi?



Duk wanda yake zaune a Jos, ko Kaduna, ko Abuja ya san yadda ƙarshen mako ya koma a gidajen ma'aikata. Asabar ta bikin aure ce, ko jana'iza, ko taron ƙungiyar 'yan gari. Ranar Lahadi kuwa, da zarar Fasto ya sa albarka, sai maigida ya kwashi iyali zuwa gidan cin abinci, a ci shinkafa da kaza. Da yamma kuma a haɗu da abokai wurin mai gasa kifi ko mai tsire. Ban ga zunubi a wannan ba. Uwargidan da ta yi kwana shida tsakanin ofis da murhu ta cancanci ranar da wani ne zai wanke kwanoni. Abin da ya dame ni shi ne fuskokin da ke kewaye da teburin. Kowane mako su ne dai, masu albashi irin namu, masu yare irin namu, waɗanda idan ka biya yau, mako mai zuwa su za su biya.

A cikin Luka sura 14 mun tarar da Yesu a irin wannan liyafa. Ranar Asabaci ce, a gidan wani shugaban Farisiyawa. Bayan ya lura da yadda baƙi suke rububin kujerun gaba, sai ya juya ga mai gidan kansa, ya gargaɗe shi kada ya tsaya ga gayyatar abokai da dangi da maƙwabta masu arziki, domin za su rama masa, ladansa ke nan ya ƙare. Ya ce masa ya kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin ramawa. Ubangiji bai hana cin abinci da abokai ba, shi ma ya sauka gidan Marta da Maryamu a Betanya. Amma ya nuna cewa abin da muke kira karamci sau da yawa adashi ne kawai: kowa ya zuba, kowa ya kwasa.

Kalmar Helenanci da aka fassara da karɓar baƙi a Romawa 12:13 da Ibraniyawa 13:2 ma'anarta ƙaunar baƙo ce, wato wanda ba naka ba. Bulus ya sa ta cikin sharuɗɗan shugaban ikkilisiya a 1 Timoti 3:2 da Titus 1:8. Yaushe rabon da a yi wannan tambaya kafin a zaɓi dattijo?

Mu duba Ibrahim a Farawa sura 18. Yana zaune a ƙofar alfarwarsa a Mamre da tsakar rana, ya hangi mutum uku, ya ruga ya tarye su tun bai san ko su wane ne ba. Ya sa Saratu ta kwaɓa gari, shi kuwa da kansa ya sheƙa garke ya zaɓo maraƙi mai kyau, ya kawo kindirmo da madara, ya tsaya a kansu a gindin itace har suka ci. Ina fata maza sun lura da wannan. Wanda ya kwaso baƙi shida bai faɗa wa matarsa ba, ya miƙe ƙafa a falo yana kallon ƙwallo, kada ya ce yana bin sawun Ibrahim.

Na san amsar da da yawa za su ba ni: abinci ya yi tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 mudun shinkafa ya gagari gidaje masu yawa. Amma kuɗin da iyali na mutum biyar suke kashewa a gidan cin abinci ranar Lahadi ɗaya zai dafa gwaten acca ko tuwo da miyar kuka da zai ƙosar da mutum goma. A ganina kunya ta fi talauci rufe mana ƙofa. Muna jira sai mun sake kujeru, sai mun sayi kaza. Iyayenmu a ƙauye ba su jira wannan ba. Mai bishara ya iso da dare, aka dama masa kunu, aka shimfiɗa masa tabarma, da haka ikkilisiyoyi da yawa suka kafu.

Mu mutanen Jos muna da wani ciwo kuma. Kafin rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, kwanon abinci yana ƙetare titi lokacin Kirsimeti, ya dawo cike da nama lokacin Salla. Bayan 2008 da 2010 unguwanni sun rabu bisa ga addini, har akwai 'ya'yanmu da suka gama jami'a ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba mai bi ba.

Ni kaina ban kuɓuta ba. Wani saurayi ɗan bautar ƙasa ya yi kusan shekara yana sujada tare da mu, yana zama a bencin baya. Ranar da aka yi masa ban kwana ya tashi ya ba da shaida. Ya gode wa ikkilisiya domin koyarwa, sa'an nan ya roƙi mu yi addu'a domin matar da ya yi haya a gidanta, gwauruwa mai sayar da ƙosai, wadda ba addininmu ɗaya ba. Ya ce kowace Lahadi in ya dawo daga majami'a yakan tarar ta ajiye masa tuwo a rufe a ƙofar ɗakinsa. Ina zaune a gaba tare da dattawa, na lissafa a zuciyata: na gaisa da yaron nan a ƙofar majami'a ya fi sau arba'in, makullin mota yana hannuna, yara suna jirana mu tafi cin abinci. Ban taɓa tambayarsa inda zai ci nasa ba.