Nasaba, Reno da Hukuncin Jama'a a Waƙoƙin 'Yan Ruwa Biyu

Daga cikin tambayoyin da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi abin da yake mayar da mutum ɗan wani gida ko ɗan wata al'umma: jinin da ya gada ne, ko hannun da ya rene shi, ko kuwa hukuncin da jama'a da doka suka yanke a kansa? Wanda iyayensa ƙabila ɗaya ne, kuma su suka haife shi su suka rene shi, abubuwan nan uku a haɗe suke zuwar masa, har ba ya jin akwai abin tambaya. Amma ɗan ruwa biyu, wato wanda uwarsa da ubansa suka fito daga jinsi ko launin fata daban-daban, da ɗan riƙo, wanda ya tashi a hannun waɗanda ba su haife shi ba, sukan tarar abubuwan sun rabu, kowanne yana jan su nasa ɓangaren. Wannan ne ya sa rubutattun waƙoƙin da irin waɗannan mutane suka wallafa da Ingilishi a zamanin nan suka cancanci nazari, domin a cikinsu ana iya auna kowane ɗaya daga cikin ukun shi kaɗai.

Jackie Kay, wadda aka haifa a Edinburgh a 1961, uwarta 'yar Sikotland ce, ubanta kuwa Ibo ne daga Nijeriya da ya je karatu can, kuma tun tana jaririya wasu Turawa mata da miji suka ɗauke ta riƙo suka rene ta a yankin Glasgow. Diwaninta na farko, The Adoption Papers, wanda ya fito a 1991, an gina shi a kan muryoyi uku, na 'yar da uwar riƙo da uwar haihuwa, an kuma bambanta su da fasalin haruffan ɗab'i domin mai karatu ya san mai magana. Hikimar wannan tsari ita ce ba a bai wa wata murya kujerar alƙali ba: uwar da ta bayar da 'yarta tana da ciwonta, wadda ta rena tana da tsoron ranar da za a ce ba ita ce uwa ba, ita kuma 'yar tana son sanin fuskar da ta ɗauko ba tare da ta ci amanar gidan da ya ciyar da ita ba. Daga baya, a littafin tarihin rayuwarta Red Dust Road na 2010, ta bayar da labarin haɗuwarta da mahaifinta a wani otal a Abuja, inda ta same shi ya zama Kirista mai tsananin riƙo da addini, yana kallon samuwarta a matsayin zunubin ƙuruciyarsa, yana yi mata doguwar addu'a, bai kuma yarda ya gabatar da ita ga iyalinsa ba. Jini ya tabbata a wannan ɗaki, amma zumunci bai biyo shi ba, kuma wannan shi ne dalili na farko da ke nuna cewa nasaba, wato danganta mutum ga wanda ya haife shi, ba ta ɗaukar nauyin uba da kanta sai mai ita ya ɗauka.

Natasha Trethewey ta fuskanci tambayar ta ƙofar doka. An haife ta a 1966 a jihar Misisipi ta Amurka, uwarta baƙar fata, ubanta Bature ɗan Kanada, a lokacin da dokar jihar ta haramta irin wannan aure, abin da ya sa iyayen suka je Ohio aka ɗaura, kuma sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki a ƙasar baki ɗaya. A diwaninta Thrall na 2012 ta yi nazarin zane-zanen da ake kira casta, waɗanda aka yi a Meksiko a ƙarni na 18 zamanin mulkin Sifaniyawa, inda ake zana uba da uwa da ɗa, a rubuta sunan ajin da ɗan ya faɗa gwargwadon yawan jinin Turawa da aka ƙiyasta yana da shi. Ta jera waɗannan zane-zane da dangantakarta da mahaifinta, wanda shi ma sha'iri ne, ta nuna cewa ƙauna ta gaskiya tana iya zama a zuciya ɗaya tare da tunanin fifikon launi da mutum ya gada daga al'ummarsa bai sani ba. Abin da aka koya a nan shi ne hukuncin jama'a ƙirƙirarre ne, tun da auren da yake laifi a wata jiha halal ne a wata, amma kasancewarsa ƙirƙirarre bai hana shi shiga har tsakanin uba da 'yarsa ba.

Masanin falsafa Kwame Anthony Appiah, wanda ubansa Asante ne daga Gana, uwarsa kuma Baturiyar Ingila, ya yi wannan bayani a littattafansa In My Father's House na 1992 da The Lies That Bind na 2018, inda ya musanta cewa akwai wani sinadari na ɗabi'a ko basira da kowane jinsi ya keɓanta da shi, ana gadonsa ta jini. Asalinsa ma hujja ne, domin Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, Turawan Ingila kuwa sunan uba suke ɗauka, saboda haka da za a bi ƙa'idar kowane ɓangare tsantsa da ɗan irin wannan aure ya rasa inda zai tsaya. Sai dai akwai ƙalubale ga wannan ra'ayi: in har jini ba ya ƙaddara halin mutum, me yake sa wadda aka rena da gata ta tsallaka nahiya neman uban da bai taɓa ɗaukar ta ba?

Shari'ar Musulunci ta bayar da amsa ta hanyar raba abubuwan da mutane suke cakuɗawa. Zaidu ya tashi a hannun Annabi (SAW), har ya zaɓi zama da shi lokacin da mahaifinsa Harisa ya zo tafiya da shi, aka riƙa kiran sa ɗan Muhammadu, amma aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa danganta 'ya'yan riƙo ga iyayensu maza, in ba a san su ba kuma a ɗauke su 'yan'uwa a addini. Da wannan nasaba ta zama gaskiyar da ba a sauyawa, domin a kanta ake gina gado da sanin waɗanda aure ya haramta tsakaninsu, kuma a yau likitoci ma suna buƙatar ta wajen cututtukan gado irin su sikila. Amma shari'ar ba ta wofintar da reno ba, domin ta girmama kafala, wato ɗaukar nauyin maraya, ta sanya shayarwa tana haramta aure kamar yadda haihuwa take yi, ta kuma buɗe ƙofar wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Game da daraja kuwa, aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta ce an raba mutane al'ummu da ƙabilu ne domin su san juna, fifiko kuma na taƙawa ne. Wannan na nufin neman uba neman haƙƙi ne na sanin gaskiya, wanda ba ya rage wa mai reno ladansa, ba ya kuma ƙara wa kowa daraja ko ya rage.

Al'ummar Hausawa ta san wannan lamari ta fuska biyu. Riƙo sananniyar al'ada ce, inda goggo ko kawu ko kaka ke ɗaukar yaro bayan yaye ba tare da an ɓoye masa iyayensa ba, kuma labarin Bayajidda ya danganta sarakunan Hausa ga auren baƙo daga gabas da sarauniyar Daura. Amma labarin nan ne kuma ya ware zuriyar Karɓagari, ɗan ƙwarƙwara, ya kira su Banza Bakwai, harshen da yake karɓar baƙo kuma shi ne yake cewa tsintacciyar mage ba ta mage, yake kuma yi wa agola gori a gidan mijin uwarsa. Ke nan ɗabi'ar jera mutane aji-aji bisa ga uwa ko uba ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Fiƙihu aikinsa yanke hukunci, falsafa aikinta tantance ma'anoni, amma babu ɗayansu da yake bayyana yadda rayuwa take ga wanda hukuncin ya faɗa a kansa, kuma wannan giɓi ne waƙa take cikewa, tun da tana iya ɗaukar muryoyi masu saɓani ba tare da ta tilasta musu sulhu ba. Abin da Kay da Trethewey suka tabbatar shi ne ɗan ruwa biyu cikakken magaji ne ga ɓangarorin biyu, da alherinsu da laifinsu, kuma matsalarsa daga masu neman ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya take fitowa. Nasaba haƙƙi ce da ya wajaba a faɗa wa ɗa, zumunci nauyi ne da sai an sauke shi yake samuwa, rabe-raben jama'a kuwa aikin mutane ne, saboda haka alhakin gyara su ma a wuyan mutane yake.