Fatawa: Na ɗaura niyya a sabuwar shekara na kasa cikawa, me ke kaina?

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne, ina zaune a Jama'a a ƙasar Zazzau, ina sana'ar gyaran waya a kasuwar Sabon Gari. A daren 31 ga Disamba, bayan na rufe shago, na sayi ɗan littafi na rubuta abubuwa biyar da nake son gyarawa a sabuwar shekara: sallar Asuba cikin jam'i kullum, sauke Alƙur'ani duk wata, azumin Litinin da Alhamis, tara kuɗin aure, da barin cacar ƙwallo a waya. Wannan na ƙarshen har na dafa Alƙur'ani na ce wallahi ba zan sake ba. Fabrairu bai ƙare ba duk suka watse, cacar ma sau uku ina komawa. Wani abokina ya ce tun farko bidi'a na yi, koyi da Kiristoci ne, shi ya sa abin bai yi albarka ba. Malam, haka ne? Akwai kaffara a kaina? Kuma yaya zan yi in daina fara abu ina bari?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, da tambayarka ta biyu zan fara, domin ita ce mai bashi a cikinta, bashi kuwa ba a barinsa ya kwana.

Abubuwan nan biyar ba hukuncinsu ɗaya ba. Huɗu daga ciki niyya ce kawai ka ƙulla, ka rubuta don kada ka manta. Niyya ba rantsuwa ba ce, ba kuma bakance ba ce. Bakance shi ne mutum ya furta cewa ya wajabta wa kansa wata ibada domin Allah, kamar ya ce “Allah yana bina azumin kwana kaza”. Ba ka faɗi haka ba, don haka babu kaffara ko ramuwa a kanka game da azumin nafila da saukar Alƙur'ani da ajiyar kuɗi. Hasali ma ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya ƙudurci aikin alheri bai samu yi ba, ana rubuta masa lada guda cikakke. Jam'in da ya wuce ka falala ce ta kuɓuce maka. Amma in akwai Asubar da ba ka yi ba sam, wannan ramuwa ce ta wajibi, kuma ba littafinka ne ya ɗora maka ita ba, tun ranar da ka balaga take wuyanka.

Ta biyar ɗin daban take. Ka ambaci sunan Allah a kan abin da ba za ka yi nan gaba ba, sannan ka yi. Wannan rantsuwa ce ƙullalliya, ka karya ta, kaffara ta hau ka. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta jera ta: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta baiwa ko bawa. Wanda bai samu ko ɗaya ba, sai ya yi azumin kwana uku. A nan mutanenmu da yawa suke kuskure. Da zarar an ce kaffarar rantsuwa, sai ka ji an ce “azumi uku ne”. Azumin na wanda ya kasa ciyarwa ne. Kai da kake da shago kana samun na yau da gobe, ciyarwa ce a kanka, in ka yi azumi bai isar maka ba.

Yadda za ka yi shi ne ka ba mabuƙata goma, kowanne mudun Annabi ɗaya na abincin da gidanku ya fi ci, masara ce ko dawa ko shinkafa. Mudun Annabi ba mudun awon kasuwa ba ne, shi ne cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, wanda huɗunsa ke yin sa'in zakkar fid-da-kai. In ka ƙara kaɗan ya fi, haka malamanmu suka so ga wanda ba a Madina yake ba. In kuma ka fi son dafaffe, ka ƙosar da su sau biyu, rana da dare. Mutum goma daban-daban ake nufi, kada ka tattara wa mutum ɗaya, kada kuma ka sa da waɗanda ciyar da su dama nauyinka ne. A mazhabar Malikiyya abincin ake bayarwa ba kuɗinsa ba, Hanafawa ne suka yarda da ƙima.

Komawarka sau uku ba ta mai da kaffarar uku ba. Rantsuwa ɗaya ka yi, ta warware tun karon farko, sai fa in nufinka lokacin rantsuwar shi ne duk komawa da kaffararta, ko kuwa ka sake rantsewa bayan ka karya sannan ka sake karyawa. Zunubin cacar kuwa kowane karo da nasa, kuma kaffara ba ta goge shi, tuba ce maganinsa. Ayar da ke biye da ayar kaffara ita ce ta haɗa caca da giya wuri guda ta kira su ƙazanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai ya yi sadaka, balle wanda ya zuba kuɗinsa.

Ina roƙonka abu ɗaya kafin mu wuce nan: kada zafin nadama ya sake kai ka ga rantsuwa ko bakance. Annabi ya hana bakance, ya nuna ba ya janyo wani alheri, abin hannun marowaci kawai yake fitarwa. Shehu Halilu a littafinsa Muhtasar ya karhanta bakance mai maimaituwa, irin na mai cewa duk Alhamis zai yi azumi, saboda tsoron ranar da zai yi masa nauyi ya yi shi da ƙyar ko ya bari. Mafi muni shi ne rantsuwa da saki. Aure kake nema, to ka riƙe wannan tun yanzu: mai cewa “in na sake kaza matata ta saku”, a wurin malamanmu in ya sake ɗin ta saku. Na ga gidan da ya mutu a kan karan sigari ɗaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sai maganar abokinka. Yana da inda ya dace, yana da inda ya zarce. Gaskiya ne babu wata ibada da aka keɓe wa shigowar shekara, ta Miladiyya ko ta Hijira. Lissafin Hijira kansa a halifancin Umar ɗan Haɗɗabi aka tsara shi, wajen shekara ta 17, saboda takardun gwamnati da ke zuwa ba kwanan wata. Azumin Tasu'a da Ashura a watan cika-ciki darajar ranakun ce ta jawo shi, ba don shekara ta juya ba. Saboda haka wanda ya ware daren 1 ga Janairu ko 1 ga Muharram da wata salla ko addu'a ta musamman yana ganin daren na da falala, ya ƙara a addini abin da babu. Maƙwabtanmu Kiristoci a Sabon Gari da Samaru suna kwana a coci a daren shigowar Janairu, ibadarsu ce, ba ma shiga, ba ma kuma cutar da su a kanta.

To amma kai ba wannan ka yi ba. Zama ka yi ka duba rayuwarka ka ga inda ta karkace. Wannan muhasaba ce, yi wa kai hisabi, kuma Musulunci ya riga kowa kira gare ta. Kalandar Janairu da ita kake biyan hayar shago, da ita ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da na asibitin Shika suke karɓar albashi. Manomin Bomo yana lissafinsa da kaka, ɗalibi da zangon karatu, ɗan kasuwa da ƙarshen shekara. Tsara al'amura a kan irin waɗannan lokuta al'ada ce, asalin al'ada kuwa halacci ne muddin ba a jingina mata lada na musamman ba. Ka gaya wa abokinka cikin ladabi cewa kalmar bidi'a tana da nauyi, ba a jefa ta a kan yaron da ya ƙudurta tashi Asuba.

Illar da nake gani a ɗaure gyara da ranar ɗaya ga wata ba ta bidi'a ba ce. Illar ita ce jira. Wanda ya faɗi a Fabrairu sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ta bana ta riga ta ɓaci, a bari sai baɗi, ko sai azumi. Tuba daga haram wajibi ce nan take, jinkirta ta ma wani zunubin ne. Wa ya ba ka tabbacin ganin wata Janairun?

Tambayarka ta uku ita ce ta fi taɓa ni, don ba kai kaɗai ba ne. Kaya ka ɗauka na mutum biyar, a tsakiyar hunturu, lokacin da ruwan alwala kan yanki hannu. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, sahabi matashi mai ƙarfi, ya ƙudurta azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi ya mai da shi kan kwana uku a wata. Ya dage yana cewa zai iya fiye da haka, har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yini a yi yini a sha. Da tsufa ya kama shi, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. In sahabi aka rage wa kaya, kai ma ka rage ba tare da jin kunya ba.

Ka jera su yadda shari'a ta jera su: barin haram da tsare farilla su ne gaba, nafila tana baya. Azumin Litinin da Alhamis ajiye shi tukuna, ka riƙi kwana uku a wata in ka samu iko. Ƙarfinka duka ka zuba a kan caca da Asuba, kuma ina zaton igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Wanda ya raba dare yana jiran sakamakon wasan Turai da kuɗinsa a ciki, ba ladan ne zai tashe shi ba. Kai ne mai gyaran waya, ka fi ni sanin yadda ake goge manhaja a rufe asusu. Ka yi hakan yau, ka fita daga zaurukan WhatsApp da ake raba lambobin wasa, ka canza majalisar da kake zama bayan Isha'i. Ƙarfin zuciya ba ya isa ga wanda ya bar ƙofa a buɗe. Kuɗin aure kuma kada ya kwana a wayar da cacar take ciki. Shiga adashi da amintattun 'yan layinku, ko ka riƙa damƙa wa mahaifiyarka abin da ka ware kowace yamma, ta haka ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Alƙur'ani kuwa yi lissafi. Izu 60 ne, sumuni 480. Sauka duk wata na nufin izu biyu kullum, ga mai yini a kasuwa wannan ba wasa ba ne. Fara da sumuni biyu bayan Asuba kafin ka hau mota zuwa Sabon Gari, cikin kwana 240 ka sauke, shekara ba ta ƙare ba. In ya zauna maka ka ƙara. Kuma ka samu wanda za ka riƙa biya wa. A zaurukan Kona da Unguwar Juma cikin birnin Zazzau, ba himmar ɗalibi kaɗai ke kai shi ƙarshen littafi ba, sanin cewa gobe malam na zaune yana jiransa ne. Nemi malamin masallacin unguwarku ko aboki ɗaya na kirki ku yi wannan alkawari, shi ne kuma zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da Asuba.

Littafin nan naka kada ka yar da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kwatanta mutum da ransa a littafinsa Ihya'u da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna lissafi. Ba shekara-shekara ya ce ba, kullum. Kai ma ba ka barin cinikin shago sai Disamba kafin ka ƙirga. Kowane dare rubuta layi biyu: na samu jam'i ko ban samu ba, na taɓa caca ko ban taɓa ba. Ranar da ka faɗi, yi istigfari, ka yi sadaka da abin da ya sauƙaƙa, gobe ka ɗora daga inda ka tsaya, kada ka ce sai an koma farko.

Ka fitar da kaffarar nan cikin makon nan. Bayan kwana 40 ka sake rubuto mini, ko ka zo da littafin mu duba tare, sannan mu yi maganar azumin. Allah ya tabbatar da ƙafarka, ya azurta ka da mace ta gari da dukiya ta halal.

Wallahu a'alam.