Mas'alar Mutum-mutumin Edward Colston

Ran 7 ga watan Yuni na shekarar 2020, sa'ad da zanga-zangar kisan George Floyd ta ƙetaro daga Amurka zuwa Ingila, wasu jama'a a birnin Biristol suka ɗaura wa mutum-mutumin Edward Colston igiya, wanda ya shekara 125 yana tsaye a tsakiyar birninsu, suka tuge shi daga dandamalinsa, suka mirgina shi har bakin tashar jiragen ruwa, suka tunkuɗa shi ciki. Tun daga ranar nan masu ilmi da masu mulki suke ta jayayya a kan abu biyu: ko ya halatta a tumɓuke abin da magabata suka kafa, in kuwa an tumɓuke, me ya cancanta a ɗora a gurbinsa.

Shi Colston an haife shi a 1636, ya rasu a 1721, kuma ba a taɓa musun cewa ya ciyar da dukiya mai yawa ba, wadda aka ƙiyasta ta kai kimanin fam 70,000, wajen gina makarantu da gidajen gajiyayyu da gyaran majami'u. Amma daga 1680 zuwa 1692 yana cikin manyan kamfanin Royal African Company, har ya zama mataimakin gwamnansa, kuma a cikin waɗannan shekaru jiragen kamfanin suka kwashi mutum wajen 84,000 daga gaɓar Afirka ta Yamma, maza da mata da ƙananan yara, ana yi musu lalas da harufan sunan kamfanin a ƙirji, wajen 19,000 daga cikinsu suka mutu a hanya aka zuba gawarwakinsu a teku, ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da wani zai ziyarta.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware rabin wannan mas'ala, domin sun karantar da cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sadaka daga dukiyar da aka tara da zalunci, kuma laifin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa tuba na kankare shi, amma haƙƙin ɗan Adam yana nan a wuyan wanda ya ci har sai ya mayar ko an yafe masa. Ya kuma inganta a hadisi cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Duk da haka an hane mu da zagin matattu, tunda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma hisabin Colston ba ya hannun kowa a Biristol. Abin da ke hannun mutanen Biristol shi ne shaidar da suka bayar a kansa, domin mutum-mutumi ba aikin mamaci ba ne, magana ce ta rayayyu. An kafa wannan a 1895, shekara 174 bayan mutuwarsa, shekara 88 bayan majalisar Ingila ta haramta fataucin bayi, aka rubuta a jikin dandamalin cewa yana cikin mafi nagarta da hikima a 'ya'yan birnin, ba a ambaci bawa ko ɗaya ba. Wanda ya yi tazkiyyar mutum a bainar jama'a, alhali ya san abin da ya ɓoye, ya ba da shaidar zur, kuma wajibi ne a kan magadansa su janye ta.

Akan ce a yi wa Colston uzuri da zamaninsa. Ni ban ga ƙarfin wannan hujja ba, domin a 1688, yana tsakiyar cinikinsa, Kiristocin ɗariƙar Kwaka na Germantown a Fensilbaniya suka rubuta takardar ƙin bautarwa. Tun kafin a haife shi ma, a 1615, Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a littafinsa Mi'irajus Su'udi cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Lalle Ahmad Baba bai haramta bauta baki ɗaya ba, kuma adalci ya sa a faɗi cewa ƙasarmu ta yi kasuwannin bayi da rumada, ba a kuwa soke bauta a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Wanda zai auna Colston da wannan ma'auni, sai ya yarda a auna nasa magabatan da shi.

Masu cewa an shafe tarihi kuwa, amsarsu tana gidan tarihi na M Shed, inda aka ajiye mutum-mutumin a kwance bayan an tsamo shi, da jan fentin da aka watsa masa, tare da bayanin abin da ya aikata. Na fi son a ce hukuma ce ta sauke shi cikin natsuwa, domin barin kowane taro ya zartar da hukunci da hannunsa ƙofar fitina ce. Sai dai an shekara da shekaru ana kai kuka, kuma ƙaramin allon bayani ma da aka shirya ƙarawa a 2018 ya maƙale saboda gardama a kan lafazinsa. A Janairun 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke mutum huɗun da aka gurfanar saboda tuge mutum-mutumin.

Saura batun gurbi, wanda shi ne ya fi wuya. Ran 15 ga Yuli 2020 mai sassaƙa Marc Quinn ya ɗora siffar wata 'yar zanga-zanga, Jen Reid, a kan dandamalin ba da izni ba, washegari hukumar birnin ta ɗauke ta. Ina ganin ɗaukewar daidai ce, ba don matar ta yi laifi ba, sai don illar tana cikin ɗora mutum a bisa kan mutane. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru salihan bayi ne a mutanen Annabi Nuhu, da suka mutu aka kafa musu siffofi don a riƙa tunawa da su, da zamani ya yi tsawo ilmi ya gushe sai aka bauta musu. Idan siffar salihi ta kai ga haka, to siffar kowane gwarzo takan ɓoye aibinsa ta hana a tambaya, kuma wanda wannan ƙarni ya ɗora, na gaba yana iya zuwa da igiya. Gara a bar dandamalin ba kowa a kansa, a rubuta adadin waɗanda aka kwasa da waɗanda suka mutu, da sunan duk wanda aka iya ganowa, kamar yadda birnin ya sa wa wata gada sunan Pero, bawan da aka kawo daga tsibirin Nebis, wanda a kusa da gadarsa aka jefa mutum-mutumin Colston a ruwa.

Bayan wannan kuma akwai mayar da haƙƙi, wanda sauke mutum-mutumi ba ya ɗauke shi. Da Ingila ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengijin bayi diyya, bayin kansu ba su sami ko anini ba. A Maris 2021 majalisar birnin Biristol ta zartar da ƙuduri tana neman majalisar ƙasa ta kafa kwamitin da zai binciki yadda za a biya zuriyar bayin.