Layi da Alfarma: Wa Ya Cancanci Wucewa Gaba?

A birnin Orlando na ƙasar Amurka akwai manyan filayen shaƙatawa inda jama'a ke biyan kuɗi su hau lilo da jiragen wasa. A lokacin hutun makaranta mutum kan tsaya fiye da awa guda a layi domin wasan da bai wuce minti uku ba. Kamfanin Universal ya yi dabara: duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikin manyan otel ɗinsa uku, wato Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, ana ba shi kati mai suna Universal Express, ya bi ta wata ƙofa dabam inda jira kaɗan ne. Kamfanin Disney kuwa ya fito da tikitin FastPass a 1999, wanda kowa ke karɓa kyauta, amma a 2021 ya soke shi ya kawo na kuɗi, ya kuma ba masu kwana otel ɗinsa damar shiga minti 30 kafin sauran jama'a.

Mutumin Attantane ko Mayahi ko Tasawa yana iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne, bai shafe shi ba. To, filin wasan dai yana da nisa, amma layi kowa ya san shi: akwai shi a bakin rijiya da famfo, akwai shi a ƙofar likita, akwai shi a gaban shagon OPVN ranar da ake sayar da cimaka da rahusa. Tambayar da malamin falsafa Michael Sandel ya yi a littafinsa na 2012 kan abubuwan da bai kamata kuɗi su saya ba ta shafi mai jarka kamar yadda ta shafi mai otel: shin wurin tsayuwa a layi haja ne da za a kai kasuwa?

Layi wata shari'a ce da ba a rubuta ba. Idan abu ya yi kaɗan, masu bukata suka yi yawa, sai a raba wahalar jira bisa ƙa'ida ɗaya: wanda ya riga zuwa shi ke fara samu. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Shi ya sa jarkokin da mata ke jerawa tun asuba a bakin famfo ke riƙe wa masu su wuri ko ba sa nan, ba kuma mai taɓawa. Darajar wannan ƙa'ida ita ce tana auna mutane da abin da aka raba musu daidai, wato lokaci, domin yinin attajiri bai fi na talaka tsawo ba.

Duk da haka, ƙasar Hausa ba ta taɓa ɗaukar layi a matsayin dokar da ba ta lanƙwasuwa ba. Ana matsa wa tsoho, ana matsa wa mai ciki, matafiyin da ya iso rijiya da ƙishirwa kuma ana miƙa masa guga kafin a tambaye shi sunansa. Wanda ya gina rijiya shi ke fara shayar da bisashensa, dokar tsarin karkara ta Nijar ta 1993 ma ta amince wa makiyaya da irin wannan fifiko a yankin da suka saba zama, ba tare da ta ba su ikon hana wasu ruwa ba. A shekarar 2005, lokacin da matsalar abinci ta tsananta a jihar Maraɗi, likitocin MSF ba su bi tsarin wanda ya riga zuwa ba: suna auna dantsen yaro, wanda awonsa ya faɗa kan ja sai a wuce da shi gaba. Uwar da ta kwana a layi tana iya jin zafi, amma ta san dalili.

Ashe ke nan fifiko a kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne dalilinsa. Fifikon tsoho da majinyaci da matafiyi yana zagayawa, domin duk mai tsawon rai zai tsufa, kowa na iya kwanciya ciwo, kowa kuma wata rana baƙo ne a wani gari. Wanda ya matsa wa tsohuwa yau ajiya ya yi wa kansa. Fifikon mai rijiya ladan guminsa ne, kuma gumin nan ya ƙara wa kowa ruwa. Fifikon kuɗi kuwa ba ya zagayawa: wanda ke baya bana shi ne a baya baɗi. Bayan haka, mai sayar da wuri yana sayar da abin da ba nasa ba. Duk mintin da aka rage wa mai kati, daga lokacin na baya aka ciro shi, alhali ba a shawarce su ba, ba a kuma ba su ko dala ba. Wani abin tsoro shi ne, daga ranar da layi ya zama hanyar samun riba, mai shi ya daina son ya gajarta, domin tsawonsa ne ke sa a sayi katin.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa ai mai hali yana biyan ɗan ga-ruwa ya kawo masa ruwa har gida, ba wanda ya ce ya yi zalunci. Suna cewa lilo ba ruwan sha ba ne, ba wanda zai mutu don ya jira, kuma farashin da aka rubuta a fili ya fi cin hancin da ake yi a ɓoye. Hujja ta farko ba ta tsaya ba, saboda ɗan ga-ruwa yana tsayawa layi kamar kowa. Ƙarfinsa da lokacinsa yake sayarwa, ba na maƙwabcinsa ba. Ta biyu tana da ƙamshin gaskiya: ɓarnar filin wasa kaɗan ce. Sai dai ɗabi'a ba ta tsayawa inda aka haife ta. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna yadda mai sanayya ko mai ɗan abin hannu ke wucewa, wanda bai san kowa ba ya yini bisa benci. Mai yin haka yana yi yana waige, domin ya san abin kunya ne. Ranar da aka liƙa farashin a bango, kunyar ta tafi, rashin adalcin yana nan.

Akwai kuma abin lura game da kalmar baƙo. A otel, baƙo shi ne wanda ya biya, gwargwadon kuɗinsa gwargwadon karramawarsa. A ƙasar Hausa ana fara ba baƙo ruwa ne saboda ba shi da kowa a garin, kuma baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Masallaci ma yana koyar da darasi irin wannan kowace Juma'a: sahun gaba na wanda ya yi sammako ne, an kuma hana tsallake wuyan mutane domin neman wuri, ko da mai tsallaken shi ya sayi tabarmin.

Wannan magana ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, domin a gabansu irin wannan shari'a ke faɗowa. Famfon gari ya lalace, wani mai hali ya ce zai gyara bisa sharaɗin a riƙa fara cika masa tanonsa; ko kuwa wurare sun yi kaɗan a aji, wani uba ya zo da alkawarin tebura. Ba kowane irin wannan tayi ne abin ƙi ba. Amma kafin kwamiti ya amsa, ya dace ya yi tambaya uku. Shin abin da mutumin ya kawo zai rage wa kowa jira, ko shi kaɗai? Shin waɗanda za a tsallake an tambaye su sun yarda? Shin ana iya faɗin dalilin da babbar murya a gaban matar da ke ƙarshen layi, ta ji ta gamsu? Idan amsoshin uku suka yi kyau, alfarma ce da jama'a suka bayar da hannunsu. Idan ɗaya ta gaza, to lokacin talaka aka ɗauka aka sayar, ko da an ba da takardar shaidar biya.