Shin Ana Auna Amana da Jarrabawa?

Asalin wannan ɗan rubutu wani musu ne da ya kaure a ɗakin kwananmu a daren wata Juma'a, tsakanin abokaina biyu masu karatun injiniya. Ɗayansu ne yake ba mu labarin wansa da ke aiki da wani kamfanin gine-gine a Amurka. Ya ce mutumin nan ya gama digiri tuntuni, ya yi shekara huɗu yana aiki, ga iyali, amma yanzu kullum in ya taso daga wurin aiki sai ya ci abinci ya duƙufa kan littattafai har tsakar dare, wai yana shirin jarrabawar samun lasisin injiniya. Sai ɗayan ya kwashe da dariya, ya ce, "Wahalar banza! Takarda ce ke riƙe gini? Siminti da rodi ke riƙe gini. In mutum maciyin amana ne, ko jarrabawa goma ya ci sai ya rage siminti."

Ni da ba fannina ba ne, sai na ja bakina na yi shiru a daren nan. Amma maganar ta ƙi barina, gama akwai gaskiya a cikinta. Idan jarrabawa ba ta iya bambanta amintacce da maci amana, to don me ake ta da jijiyar wuya a kanta?

Bari mu fara da ita jarrabawar, don mai karatu ya san abin da muke magana a kai. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisinta, amma jarrabawar ɗaya ce, wata hukuma mai suna NCEES ke shirya ta. A yawancin jihohi, sai mutum ya yi digiri, ya ci jarrabawar farko ta tushen ilmin injiniya, ya yi kamar shekara huɗu yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami lasisi, ya kuma ci babbar jarrabawa, sa'an nan a ba shi izinin buga hatiminsa a kan zane. Ita babbar, tambaya 80 ce cikin awa takwas, kuma tun 2022 injiniyoyin gine-gine da hanyoyi a kwamfuta suke yin ta. Mutum yakan zaɓi ɗaya daga cikin rassa biyar. Wan abokin nan namu ya zaɓi reshen aikin gini kansa, watau abin da ke faruwa a fili bayan an gama zane: haƙa da cikon ƙasa, ƙiyasin kaya da kuɗi, tsara wane aiki ke jiran wane, gwajin kankare, ɗaga kaya masu nauyi, da tsare lafiyar ma'aikata.

To, a cikin tambayoyi 80 ɗin nan babu wadda za ta ce, "Idan ɗan kwangila ya matsa maka, za ka ba da kai?" Ko da an yi ta, kowa ya san amsar da zai rubuta. A nan abokina ya yi gaskiya.

Har ma ina iya ƙara masa hujja daga gida. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajen shekarun 1830, da laka da azara, ba shi da takardar kowa, ga shi har yau masana gini suna zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaga. Amma kada mu ruɗi kanmu mu ce ba a jarraba maginin Hausa. Ana jarraba shi, har fiye da awa takwas. Yaro yakan fara daga kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya shekara da shekaru a gaban ubangidansa kafin a bar shi ya ɗaga soro shi kaɗai. Ga Sarkin Magina a kansu. Abin da ya fi wannan duka, magini ɗan unguwa ne. In soron da ya yi ya rufta da damina, an san ƙofar gidansa, an san ubansa, kuma a masallaci ɗaya za su yi sallar asuba da wanda aka yi wa asara. Garin duka shi ne mai jarrabawa. Wannan tsari yana aiki ne muddin kowa ya san kowa. Ran da aka wayi gari mutum yana kwana a bene na goma wanda bai taɓa ganin fuskar wanda ya yi lissafinsa ba, sai dai a nemi wani abu da zai tsaya a madadin sanayya. Wannan abu shi ne takardar nan da abokina ya raina.

Yadda Amurkawa suka zo ga takardar yana da darasi. Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokar rajistar injiniyoyi a 1907. Kalifoniya kuwa sai da ta ga gawawwaki. Akwai wani mutum, William Mulholland, haifaffen Ailan, wanda ya fara da aikin yashe magudanar ruwa a Los Angeles, ya koya wa kansa lissafi da karatun dare, har ya zama babban injiniyan ruwa na birnin. Shi ya jawo wa birnin ruwa daga nisan mil fiye da 200 a 1913. Ba wanda ke shakkar himmarsa. Shi ne kuma ya gina madatsar ruwa ta St. Francis. Ana cikin aikin aka ƙara mata tsayi sau biyu, ƙafa goma-goma, ba tare da an faɗaɗa gindinta daidai da ƙarin ba, kuma dutsen da ke gefe ɗaya irin wanda ke laushi ne in ya sha ruwa. Ranar 12 ga Maris 1928 aka kira shi ya duba wani yoyo, ya duba ya ce ba komai. Kafin tsakar daren ranar madatsar ta fashe, mutum fiye da 400 suka halaka. Da aka zauna bincike Mulholland bai yi ta kame-kame ba, ya ce in kuskuren mutum ne, to a ɗora masa shi kaɗai. Masu binciken suka ce bai kamata a bar irin wannan aiki ga hukuncin mutum ɗaya ba, komai girmansa. A 1929 jihar ta kafa dokar rajistar injiniyoyi.

Ga mutum mai gaskiya, mai ɗaukar laifinsa, ga kuma matattu 400. Abokina ya ce halin kirki ne ke riƙe gini. Ruwa bai san halin kirki ba. Ni a ganina, wanda ya karɓi aikin da ran jama'a ke rataye a kansa, rashin saninsa ba uzuri ba ne, shi kansa wani reshe ne na cin amana, ko da zuciyarsa fara ce tas. Haka kuma yarda a duba ka. Mutumin da ya zauna a gaban jarrabawa bayan shekara huɗu yana aiki, ya yarda ke nan cewa ganin da yake yi wa kansa bai isa hujja ba. Wannan tawali'u ne da Mulholland, a tsakiyar ɗaukakarsa, ba wanda ya tilasta masa.

Sai dai kada masu takarda su yi saurin murna, gama akwai ɗaya labarin. Ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City, ana cikin wasan rawa, wasu gadoji biyu na tafiya a ƙafa da aka rataya daga rufi suka zubo a kan jama'a. Mutum 114 suka mutu. A zanen farko, doguwar sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta kai ga ta ƙasa. Masu haɗa ƙarfen suka ga wannan da wuya, suka mai da ita sanda biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Ka ɗauka mutum biyu ne ke lilo a igiya ɗaya. In kowa ya riƙe igiyar da hannunsa, kowa nauyin kansa yake ɗauke da shi. Amma in na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, hannun na sama ya ɗauki nauyin mutum biyu ke nan. Abin da ya faru ke nan, nauyin da ke kan mahaɗin gadar sama ya ninka. Ni ɗalibin Hausa na gane wannan cikin minti biyu. Injiniyoyin da zanen ya bi ta ofishinsu masu lasisi ne, sun ci jarrabawa, sun san lissafin da ya fi wannan sau dubu. Ba su zauna sun yi shi ba ne kawai.

To, me takardar ta amfana a nan? Ba ta hana mutuwa ba. Amma ta yi wani abu guda. Bayan haɗarin kowa ya nuna wani da yatsa, mai zane ya ce mai ƙarfe, mai ƙarfe ya ce mai zane. Ba a ɗaure kowa ba. Hukumar jihar Missouri kuwa ta bi hatimin da ke kan zanen, ta ce mai hatimi shi ke da alhaki, a 1986 ta ƙwace lasisin injiniyoyi biyu. Watau hatimin nan shi ne ƙofar gidan magini da muka ce an sani a unguwa. Ɗalibi yana ganin lasisi kamar rawani ne za a naɗa masa, da ƙarin albashi. Ni kuwa na fi ganinsa kamar jingina: ka ajiye sunanka da abincinka a hannun jama'a, in ka yi sakaci su riƙe.

In haka ne, yadda mutum ke shirin jarrabawar ma abin dubawa ne. Mu duka mun san dabarar nan, har mu na Sashen Hausa: a tattara tambayoyin shekarun baya, a haddace hanyar amsa su, a shiga a juye, a fito a manta. In na yi wa tarihin rubutun ajami haka, na cuci kaina da ɗaliban da zan koyar wata rana, amma ba wanda za a yi wa jana'iza gobe. Na injiniya dabam ne. Mutum biyu na iya samun maki ɗaya, ɗaya ya san dalilin da ya sa ɗanyen kankare ke tura katakon da aka zuba shi ciki kamar yadda ruwa ke tura bango, ɗaya kuwa ya san shafin da ƙa'idar take ne kurum. Kwamfuta ba za ta raba su ba. Su biyun ne kaɗai suka san bambancin, kuma a nan nake ganin amanar ta fara, tun a kan tabarmar karatu, inda ba mai gani.

Abin da ya fi taɓa ni a reshen da wan abokina ya zaɓa shi ne, yawancin abin da ake tambaya a kai ba ya zama cikin ginin. Katakon da ke riƙe kankare kafin ya bushe, matokaran da ke ƙarƙashin rufi, abin da ma'aikata ke takawa a sama, bangon ramin da aka haƙa, duk za a kwashe su ko a binne kafin ranar buɗe gini. Mai gida ba zai gan su ba, ɗan jarida ba zai ɗauki hotonsu ba. Wanda ransa ke kansu lebura ne. A Willow Island ta jihar West Virginia, ranar 27 ga Afrilu 1978, ana gina wata doguwar hasumiya a tashar wutar lantarki. Matakin da ma'aikata ke tsaye a kai an kafa shi ne a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya, wanda bai yi ƙarfi ba tukuna. Kankaren ya ɓalle, mutum 51 suka faɗo, ba wanda ya tsira. Kowane mai shirin jarrabawar nan ya san ana auna cikakken ƙarfin kankare ne a kwana 28, kuma sanyi na jinkirta shi. Haka nan dokar tsaron ma'aikata ta ƙasar ta ce ramin da ya kai zurfin ƙafa biyar sai an kāre bangonsa, in ba cikin dutse mai ƙarfi aka haƙa shi ba, in kuwa ya wuce ƙafa 20 sai injiniya mai lasisi ya tsara kāriyar. Dalili kuwa, ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta kan kai tan ɗaya da rabi. Mutumin da ke cikin ramin nan da shebur ba ya iya karanta zane, ba shi da bakin da zai ce wa ɗan kwangila a'a, gama in ya ƙi shiga akwai goma a bakin ƙofa suna jira. Don shi ake yin jarrabawar, ko da yake bai san ana yin ta ba.

Mu ma a Nijeriya muna da hukumar rajistar injiniyoyi, COREN, tun 1970, saboda haka maganar ba ta Amurka kaɗai ba ce. Da na koma wa abokina mai dariyar nan da waɗannan hujjoji, sai ya jawo mini labarin benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ana cikin gininsa, ya kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ma'aikata. Jaridu sun buga wata wasiƙa da ke nuna injiniyoyin da suka fara lura da ƙarfin ginin sun janye hannunsu tun Fabrairun 2020, suna cewa ba za su iya tsaya wa ingancinsa ba. Abokina ya ce, "Ka gani? Ga masu sani, ga masu gaskiya, sun ƙi sa hannu, sun bar kuɗi. Ginin ya fasa faɗuwa?"

Na ce bai fasa ba. Na ce kuma abin da suka yi ba ƙarami ba ne, mutane da yawa ba za su iya ba. Amma wasiƙar mai ginin aka rubuta wa, shi kuwa leburan da ke ɗaukar kwanon kankare zuwa hawa na goma sha biyar, wa ya karanta masa ita? Abokina ya ce wannan aikin hukuma ne, injiniya ya fita haƙƙinsa ran da ya ajiye hatiminsa. Ɗayan, ƙanen mai shirin jarrabawar, ya ce a'a, wanda ya san rami ne a gaba bai fita ba sai ya yi kururuwa. Muna kan wannan aka kira sallar isha'i. Shi dai ya ce zai tambayi wansa, in ya fito daga jarrabawar.