Lambar Da Ba Ta Rabuwa, Da Maganar Yarda

Idan mai goro a kasuwar Nima yana da ƙwaya 12, zai iya raba su daidai ga mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Amma in 13 ne, duk yadda ya yi sai wani ya ragu, sai dai ya ba mutum ɗaya duka, ko mutum 13 ɗaya-ɗaya. Irin wannan lamba ce muke kira lambar da ba ta rabuwa. Tun kafin haihuwar Almasihu, Yuklid na Iskandariya ya nuna cewa ba su da iyaka.

A shekarar 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata babba ƙwarai da taimakon kwamfutoci. A jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, a cire 1. Amsar tana da alƙalumai 41,024,320. Wanda zai karanta ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, sai ya wuce shekara bai gama ba.

To, ya mai karatu, ni da kai ba za mu taɓa gwada ta ba. Don me za mu yarda? Ashe ba mu ne muke hana 'yan'uwa sauraron mai allon loto a bakin titin Maamobi ba? Shi ma lambobi yake nunawa, shi ma cewa yake a gaskata shi.

Irin waɗannan lambobi suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani fada na Katolika a Faransa. A 1644 ya rubuta jerinsu, ya sa wadda ake samu daga 2 sau 67. Mutumin Allah ne, mai ilimi kuwa, amma ya yi kuskure. A 1903 Frank Cole ya tsaya gaban masana a New York, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a allo, sai ga lambar fada ta fito. Rigar limanci ba ta hana ta rabuwa ba. Haka nan ba a karɓi ta Durant ba sai da aka sāke gwada ta a waɗansu na'urori dabam.

Mai loto kuwa ɓoye hanyarsa yake yi. In lamba ta faɗi, ya shafe allo, gobe ya rubuta wata, kuɗin cefanen gida kuma ya tafi.

Abin da ya fi damuna mu ne masu koyarwa a ikilisiya. Akwai asirai na bangaskiya da ba a ninka su a allo, wannan gaskiya ne. Amma lissafin baiko ba ya cikinsu, haka ma alkawarin warkarwa da aka sa wa rana. Littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya domin sun bincika wa'azin Bulus da kansu, ga shi kuwa Bulus manzo ne, mu katikis ne kawai.